Tsohuwar Kwamfuta Da Tsohuwar Manhaja: Abin Yi In Sun Ƙi Jituwa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi amfani da wannan fili da aka ba ni in yi bayani a kan wata matsala wadda ta sha kan da yawa daga cikinmu, musamman mu 'yan ajin ƙarshe. Matsalar kuwa ita ce mutum ya sami tsohuwar kwamfuta, ya kuma sami tsohuwar manhajar da yake so ya yi aiki da ita, amma ya yi juyin duniya ta ƙi hawa. Domin amfanin iyayenmu waɗanda ba su saba da waɗannan kalmomi ba, manhaja ita ce tsarin umurnin da ake zuba wa kwamfuta don ta iya yin wani aiki, kamar buga wasiƙa, ko lissafi, ko gwajin jarrabawa. Zuba ta cikin kwamfuta shi ake kira ɗorawa.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗan sakandare da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir ɗungum. Ɗalibi zai amsa tambaya 180 cikin awa 2, yana zaɓen amsa da maɓallan A, B, C da D, yana matsa N don ya ci gaba, P don ya koma baya. Ita ma hukumar WAEC ta soma irin wannan jarrabawa a 2024 ga masu rubutawa daga waje. Ga Jami'ar Tarayya nan a ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma tun 2011, amma wanda hannunsa bai taɓa sabawa da kwamfuta ba yana iya ɓata minti goma yana rawar jiki kafin ya amsa tambaya ɗaya. Kwamfutocin da muke iya samu mu gwada hannu kuwa, a gida ne ko a shagon buga takardu, yawancinsu na gwanjo ne, sun ga jiya sun ga yau. Saboda haka tilas mu san yadda za mu lallaba su.

Abin da ya same ni

Kawuna yana da shagon buga takardu a Kurfi. Da ya sayi wata kwamfuta mai ɗan dama-dama, sai ya tura tsohuwar ƙarƙashin tebur. A hutun da ya wuce na roƙe shi ya ba ni aronta, ya ce, "Ɗauka ɗana, amma da sharaɗi. Takardun mutane na shekaru suna ciki, kada ka taɓa mini ko ɗaya." Yayana kuma ya ba ni wani tsohon faifai na koyon buga rubutu, da filash mai ɗauke da manhajar gwajin jarrabawa wadda ya yi amfani da ita a lokacinsa.

Kwana uku ina fama, ko ɗaya ba ta hau ba. Ran Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, na ɗauko ta a mota na kai wa wani mai gyara. Ko kunna ta bai yi ba ya ce sai an yi mata fomatin, watau a shafe duk abin da ke cikinta a sake zubi. Na tuna da sharaɗin Kawu, na ce a dakata. Da aka koma makaranta na kai kuka wurin malaminmu na kwamfuta. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Da ta ƙi, me ta rubuta maka?" Na ce, "Wallahi Malam ban karanta ba, rufewa nake yi in sake gwadawa." Ya yi dariya ya ce, "Mara lafiya yana faɗa maka inda ke masa ciwo, kai kuma kana toshe kunne."

Daga nan na fahimci abin da nake so in isar a wannan rubutu. Kwamfuta ba ta ƙin manhaja don ƙeta ko taurin kai. Kullum akwai dalili, kuma dalilan ba su da yawa. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, galibi zai gano nasa ba tare da ya yi hasarar kuɗi ko takardu ba. Ga matakan kamar yadda Malam ya bi da ni.

Na farko: karanta abin da ta rubuta

In ɗan akwatin gargaɗi ya fito, kada ka yi garajen rufe shi. Ɗauko biro ka kwafe shi harafi da harafi, har da lambobin da ke ciki, ko ka ɗauki hotonsa da waya. Ka kuma lura da lokacin da ya fito: da ka taɓa manhajar ne, ko sai da ta yi nisa, ko kuwa ta gama hawa ne amma ta ƙi buɗewa? Kowanne da inda ya dosa. Wanda ya fito tun farko galibi maganar rashin dacewa ce ko rashin izini. Wanda ya fito a tsakiya, a tuhumi faifai ko ƙarancin wuri. Wanda ya fito a ƙarshe kuwa, akwai wani abu da manhajar take nema ba ta samu ba.

Akwai wata ƙa'ida da za a riƙe tun daga nan har ƙarshe, ita ce a canja abu ɗaya tak, a gwada, sa'an nan a canja wani. Wanda ya taɓa wuri biyar a lokaci guda, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in kuma ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

Na biyu: san kwamfutarka

Manomi ba ya shuka sai ya san ƙasar gonarsa, don shinkafa ba ta yi a jigawa. Haka manhaja take da kwamfuta. Abu huɗu ake so ka sani.

Ɗaya, wace irin Windows ce a kai. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, sauran duk a kanta suke zama. Windows XP ta fito a 2001, Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, Windows 11 a 2021. Biyu, yawan ram ɗinta. Ram kamar tabarmar shanya take, iyakar faɗinta iyakar abin da za ka baza a lokaci guda. XP tana iya tashi da megabait 64, Windows 7 tana neman gigabait 1 zuwa 2, Windows 11 kuwa sai 4. Gigabait ɗaya ya ɗara megabait dubu kaɗan, ka ga ke nan tazarar ba ƙarama ba ce. Uku, wurin da ya rage a rumbun ajiyarta. Manhaja tana bukatar fili fiye da girmanta, domin sai ta kwance kayanta tukuna kafin ta jera su. Huɗu, mai bit 32 ce ko mai bit 64.

Wannan na huɗun yana ruɗa mutane ƙwarai. A ɗauke shi kamar faɗin ƙofa. Kayan da aka ɗaure don babbar ƙofa ba ya shiga ƙarama, amma na ƙarama yana shiga babba. Watau manhajar bit 64 ba za ta taɓa hawa Windows mai bit 32 ba, ko a kwana ana gwadawa, alhali ta 32 tana hawa duka biyun. Sai dai akwai togiya. Manhajojin can da, na zamanin Windows 3.1 da wasu na tsakiyar shekarun 1990, 'yan bit 16 ne, kuma Windows mai bit 64 ba ta karɓarsu sam, amma mai bit 32 tana karɓa. A nan tsohuwar kwamfuta ta fi sabuwa amfani, da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ganin waɗannan abubuwa ba wuya. Ɗora kibiyar linzami a kan hoton da aka rubuta wa Computer, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Properties. Nan za ka ga irin Windows da ram da bit. Sa'an nan ka duba bayan kwalin faifan, ko wani ɗan fayil mai suna Readme da ke cikinsa, inda masu manhajar suka rubuta abin da take bukata. Ta Kawu dai Windows 7 ce mai bit 32 da ram gigabait 2, kuma duk manhajojin biyu ba su fi ƙarfinta ba. Ashe matsalar tana wani wuri.

Na uku: duba lafiyar jikinta da agogonta

Ɗora manhaja aiki ne mai sa kwamfuta zafi. A ƙasarmu kuwa ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da kan kai digiri 40. In ƙura ta toshe fankar ciki, sai kwamfuta ta kashe kanta a tsakiyar aiki don kada ta ƙone, mai ita kuma ya ɗora wa manhaja laifi. Maganin wannan shi ne a zare wayar wuta, a buɗe murfin, a kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi mai laushi. Kada a kusanto da ruwa. Haka kuma kada a fara ɗorawa in wuta tana rawa, ko man janareta ya kusa ƙarewa. Wanda ke da akwatin ajiye wuta da ake kira UPS ya haɗa shi.

Bayan haka sai ka kalli kusurwar dama ta ƙasa, inda kwanan wata yake. Da muka duba ta Kawu sai muka ga ta koma baya fiye da shekara goma. Dalili kuwa, a kan babban allon da ke cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa galibi CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Yakan yi shekaru yana aiki, amma in ya mutu, duk lokacin da aka zare wuta sai kwanan wata ya koma can baya. Manhajojin da ke da lasisi suna duba kwanan wata, in suka ga ya koma baya sai su zaci ana so a yi musu wayo ne, su ƙi aiki. Shafukan intanet ma sukan ƙi buɗewa saboda wannan. Abin da ya fara tare manhajar Yaya ke nan. Muka sayo batir wurin mai gyaran agogo, muka sa, muka daidaita lokaci. Sai dai a kula, a ɓoye tsohon batirin daga ƙananan yara, domin haɗiye shi haɗari ne babba.

Na huɗu: duba abin da ya kawo manhajar

Sau da yawa kwamfuta lafiyarta lau, faifan ne ya karce. Faifan sidi yana ɗaukar kamar megabait 700, kuma fayil ɗaya in ya ƙi karantuwa ya isa ya tsai da aikin duka. A goge faifai da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya a miƙe zuwa baki, kada a bi shi da kewaye. Sa'an nan a buɗe sabuwar folda a cikin kwamfuta, a kwafe duk abin da ke faifan a zuba ciki, a yi ɗorawar daga nan. Wannan dabara tana da amfani biyu. Ta fi sauri, kuma in kwafar ta cije a wani wuri, ka tabbata faifan ne ba shi da lafiya, ko kuwa idon da ke karanta shi ya yi ƙura. A gwada wani faifan a gani, nan za a raba gardama.

Filash kuma nasa matsalolin daban ne. Akwai kuskuren da 'yan'uwa ɗalibai suka cika yi, su kwafo ɗan hoton manhaja daga fuskar kwamfutar wani, su zaci sun samo manhajar. Wannan hoto kamar allon kwatance yake a bakin hanya. In ka tumɓuke allon da aka rubuta wa Katsina ka kai shi gida, ai ba ka kawo Katsina ba. Abin da ake nema shi ne fayil ɗin ɗorawa, wanda galibi sunansa setup, tare da duk 'yan rakiyarsa. Ka duba nauyinsa. In ka ga kilobait 1 ko 2 ne, kuma da 'yar lanƙwasasshiyar kibiya a gindin hoton, to ba shi ba ne.

Har wa yau akwai wata ƙwayar cuta da ke yawo a filash daga shago zuwa shago, wadda kan ɓoye ainihin fayilolin mutum ta jera irin waɗannan hotuna masu kibiya a madadinsu. Duk wanda ya danna ɗaya ya shigar da ita kwamfutarsa. In ka ga haka a filash, zare shi, ka kai a wanke shi a kwamfutar da ke da rigakafi na zamani.

Na biyar: share guntun aikin baya

In an fara ɗorawa wuta ta ɗauke, ko ka gaji ka katse, manhajar takan bar rabin kayanta a ciki. Gobe in ka dawo sai ta ce ai tana nan, alhali ba ta buɗewa. Wannan kamar gini ne a kan rusasshen tushe. Shiga Control Panel, ka nemi jerin manhajojin da ke kwamfutar, ka cire guntun daga nan, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, sa'an nan ka faro daga farko. Kada ka bi folda-folda kana goge abin da ba ka sani ba. Kashewa da kunnawar nan kuwa kada a raina ta, domin akwai gyare-gyaren da ba sa zama sai an yi ta.

Na shida: izini da shigar burtu

Daga Windows Vista zuwa yau, manhaja ba ta da ikon taɓa muhimman wuraren kwamfuta sai da izinin mai kula da ita. Tsofaffin manhajoji kuwa an yi su ne a zamanin da ba a tambayar wannan izini, saboda haka sukan tsaya cik ba bayani. Danna ɓangaren dama na linzami a kan setup, ka zaɓi Run as administrator. In kwamfutar makaranta ce ta nemi kalmar sirri, to iyakarka ke nan, sai ka nemi Malam. Kada ka ce za ka haura katanga.

In ta ƙi duk da haka, akwai wata dabara da Windows ke yi mai kama da shigar burtu. Maharbi yakan ɗaura kan burtu don tsuntsaye su zaci ɗan'uwansu ne. Ita ma Windows 7 tana iya shigar XP ko Windows 98 don tsohuwar manhaja ta saki jiki da ita. A kan setup ɗin dai, danna dama, ka shiga Properties, ka buɗe shafin Compatibility, ka zaɓi Windows ɗin da aka rubuta a kwalin faifan. Da wannan ne faifan koyon buga rubutu ya hau, bayan mun kwafe shi cikin folda.

Na bakwai: 'yan rakiyar da suka ɓace

Manhajoji da yawa ba sa tsayawa da ƙafarsu, sai sun jingina da wasu ƙananan kayan aiki na tarayya. Tela ne ya zo da kekensa amma babu zare. In saƙo ya ce ba a ga wani fayil mai ƙarewa da dll ba, ko ya ambaci .NET Framework ko Visual C++, to maganar ke nan. Manhajar Yaya, bayan mun gyara agogo, sai ta ce tana neman .NET Framework 4, ita kuwa Windows 7 da 3.5 take zuwa. Malam ya sauko da shi daga shafin Microsoft a wata kwamfuta, muka ɗora, sai ga manhaja ta buɗe. Kafin a je intanet ma a fara duba cikin faifan, don sau da yawa masu manhaja sukan haɗo da 'yan rakiyar a wata folda. Abin da za a guje wa shi ne tsintar fayil ɗin dll guda ɗaya daga shafin da ba a san mai shi ba, domin nan ne mugaye ke ɗana tarkonsu.

Wata manhajar kuma tana neman a yi wa Windows ɗin kanta ƙarin gyara, kamar Service Pack 3 na XP wanda ya fito a 2008, ko Service Pack 1 na Windows 7 na 2011. Akwai kuma ɗan rakiyar da ya riga ya kwanta dama. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash Player a ƙarshen Disamba 2020, saboda haka tsofaffin faifan darussa da suka dogara da shi don buɗewa a cikin burauza, yawancinsu sai haƙuri.

Maganar haruffa masu lanƙwasa

Ga wata matsala tamu ta Hausawa. Da na buɗe wata tsohuwar takardar Kawu don in tabbata tana nan, sai na ga an rubuta "qasa" da "xaya" da "varawo". Na tsorata, na zaci na ɓata masa aiki. Ashe ba haka ba ne. A farkon zuwan kwamfuta babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ɗauke da su, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, masu buga littattafai da jaridu suka yi ta amfani da su. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wasu maɓallai da Hausa ba ta bukata. Wani zubin ya ari q da x da v, wani kuma ya ari alamomi irin su } da ] da ~. In aka buɗe takardar a inda babu zubin da aka buga ta da shi, ko aka juya ta zuwa wani zubin, sai ainihin maɓallan su bayyana. Maganin shi ne a samo zubin, a zuba shi a foldar Fonts, a haskaka rubutun a zaɓe shi, sai lanƙwasa ta dawo. Amma sabon rubutu gara a yi shi da tsarin Unicode, inda kowane harafinmu ke da lambarsa ta kansa a duk duniya. Windows 7 da na bayanta suna da tsarin maɓallan Hausa a cikinsu, kunna shi kawai ake yi.

Abubuwa uku da za a kiyaye

Na ɗaya, fomatin shi ne mataki na ƙarshe. Yana da ranarsa, misali in ƙwayar cuta ta ci ƙarfin Windows. Amma ba ya sa sabon batir, ba ya gyara karcen faifai, ba ya mai da bit 32 ya karɓi manhajar 64. In ya zama tilas, a fara kwafe duk takardu da hotuna a wani wuri, a buɗe su a tabbata sun kwafu, a kuma tanadi manhajojin da za a mayar.

Na biyu, tsohuwar Windows gida ne da mai gadi ya tashi. Microsoft ya daina toshe kafofin XP ran 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 ma ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. A watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta irin waɗannan kafofi ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila. Don haka a yi koyon rubutu da gwajin jarrabawa a tsohuwar kwamfuta, amma kada a yi harkar banki a kanta, kada kuma a shigar da lambobin sirri na rajista. Haka nan a guji manhajar sata wadda aka fasa wa makulli. Akwai na halal kyauta, irin su LibreOffice mai buga takardu da lissafi, sai a nemi fitowar da ta dace da Windows ɗin da ake da ita.

Na uku, tsohuwar manhajar gwaji tana koya wa hannu sauri ne da sabo da agogo. Amma JAMB takan canja littafin karatun Ingilishi daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka a nemi tsarin karatu na shekarar da ake ciki wurin malamai, kada a dogara da tambayoyin zamanin Yaya kaɗai.

Kira ga iyayenmu

Iyayenmu, Allah ya saka muku da alheri. Mun san halin da ake ciki, ba kowa ke da ƙarfin sayen sabuwar kwamfuta ba. In akwai tsohuwa a gida ko a shago, kada a yanke mata hukunci don ta ƙi manhaja ɗaya. In kuma za a kai ta wurin gyara, a tambayi mai gyaran abu uku: me ta rubuta, me ya gano, kuma takardun da ke ciki za su tsira? Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma akwai irinsu da yawa a garuruwanmu. Wadda ta mutu murus kuwa kada a ƙone ta a bola, don hayaƙinta guba ne, a kai wa masu gyara su ciri abin da ke da sauran amfani.

Ta Kawu dai abu uku ne suka dame ta: mataccen batir, da tsohon faifai mai neman lallashi, da ɗan rakiya guda da ya ɓace. Batirin kaɗai muka saya. Takardunsa suna nan ko ɗaya bai yi ciwon kai ba, yanzu kuma ni da ƙannena biyu muke karɓa-karɓa a kanta duk ƙarshen mako. Ina roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya gwada waɗannan matakai ya ci nasara ya koya wa na kusa da shi, wanda kuma ya cije masa ya zo da abin da ta rubuta masa a takarda mu kai wa Malam tare. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu amfani iyayenmu da ƙasarmu, amin.